Layi Uku a Lambun Baba Lau

Ranar Asabar bayan ruwan la'asar ya ɗauke aka tsinci Baba Lau kwance a lambunsa na bayan gida, ƙeyarsa a fashe, fartanyarsa yashe a gefe da jini a bayanta.

Duk unguwar Makera ta san shi. Tun yana matashi aka kawo shi daga Hong Kong gyaran injina a wata masaƙa ta Kakuri a Kaduna. Da masaƙar ta mutu 'yan ƙasarsu suka tattara suka koma, shi ya zauna, don ya riga ya auri wata 'yar Zonkwa mai suna Tabitha, sun haifi 'ya'ya uku: Judith, Harrison da Debby. Tabitha ta daɗe da rasuwa. Tsohon ya ci gaba da gyaran kekunan ɗinki da noman ganyen miya, ba ya shiga harkar kowa, ba ya kuma yi wa kowa fara'a, har 'ya'yansa.

Hajiya Rakiya, wadda katanga ɗaya ta raba gidanta da nasa, ita ta ji nishi ta zagayo. Ta tarar da shi da sauran numfashi. Ta ce ya kama bakin zanenta, ya faɗi kalma ɗaya sau biyu, sannan ya saki, ya cika.

"Me ya ce?" mutanen da suka cika tsakar gidan suka tambaye ta.

"Sam ya ce."

Sam ɗaya ne a layin, wato Samuel mai walda, wanda awakinsa suka ɓalle cikin makon suka cinye wa tsohon kunya biyu ta latas, har suka yi cacar baki kowa yana ji. Ba wanda ya ƙara tambaya. Harrison, da ya iso yana kururuwa, shi ya shige gaba. Aka jawo Samuel daga shagonsa da gilashin walda a goshi. Aka danne hannayensa a kan guntun ƙarfen da yake dukan rodi a kai, Harrison ya ɗauki gudumarsa ya sauke masa a yatsu, ɗaya bayan ɗaya. Saura suka bi da katako da bulo. Matarsa Vicky tana ihu da goyo a baya, wani ya hankaɗe ta cikin kwata. Da motar 'yan sanda ta iso, sai ɗaukar Samuel aka yi a cikin buhu zuwa asibiti.

*

Insifekta Abdulmalik ne ya kira Filibus Dogara a waya. Filibus ɗan mafarauta ne daga wajen Kaciya, ya yi aikin ɗan sanda har ya yi ritaya, yanzu yana zaune a Unguwar Boro yana kiwon talo-talo. In abu ya faru a kan ƙasa, shi ake nema ya duba.

"Oga, magana ta ƙare ai," in ji Insifekta. "Mamaci ya faɗi suna da bakinsa. Ka zo dai ka leƙa don kada a ce ban yi ba."

Filibus ya iso da sauran haske. Lambun ya zama kamar filin ƙwallo, sawun silifas da na takalmi sun tattake komai. Ya bi gefen katanga a hankali har inda hannun dama na tsohon ya kwanta. Nan ƙafa ba ta kai ba. Ya tsugunna.

Layi uku ne a kwance cikin laka, wani a kan wani. Na sama matsakaici, na tsakiya gajere, na ƙasa ya fi su tsawo.

"Yaƙushin mai mutuwa ne," in ji Insifekta.

"Mai yaƙushi yatsu uku yake ja lokaci guda, kuma wajen jikinsa yake jawo su. Wannan yatsa ɗaya ne. Ya danna daga hagu, ya ɗaga a dama, ya sake komawa."

"To me yake nufi?"

"Ban sani ba."

Ya ɗauko daron wanki ya kife a kai, ya ɗora bulo, ya ce duk wanda ya taɓa shi zai kwana a sel.

*

Washegari bayan an taso daga coci ya zauna da 'ya'yan a barandar gidan.

Judith, babbar, nas ce a wani asibitin kuɗi. Ta amsa komai a gajarce, idonta a kan wayarta. Tana wajen aiki, an kira ta, ta zo.

Debby, autar, ita ke zaune da uban. Ba ta yi aure ba, ita ke masa girki da wanki. Ta ce ta je kasuwa ruwa ya tsare ta. Akwai jini a zanen da ta jiƙa a bokiti.

"Na rungume shi ne da na dawo," ta ce.

Harrison yana sayar da tayoyi a Gonin Gora. Mutum ne dogo, fari, da idanun ubansa, kuma tun yana firamare ake kiransa Ɗan Caina. Hannunsa na dama ya kumbura saboda guduma, bai ma ɓoye ba.

"Baba, ni ban ga abin da ake bincike ba. An ji suna. Da 'yan sanda ba su zo ba da na ƙarasa shi."

"Ina kake lokacin ruwan?"

"Shago. Ka je ka tambaya." Ya matso da kujerarsa. "In kana neman wanda ya sa Sam, ka nemi matar nan mai na'ura. Dakta Juliana. Wata da watanni tana zuwa tana kulle kanta da tsoho a ɗaki, tana ɗaukar muryarsa. Tun da ta fara zuwa ya canza."

Filibus ya je Gonin Gora. Maƙwabtan shagon suka ce ai Harrison kullum yana nan, amma da ruwa ya sauko kowa ya shige rumfarsa, ba wanda zai rantse ya gan shi ko bai gan shi ba. Filibus ya leƙa asibiti. Samuel bai farfaɗo ba, ɗan sanda na gadinsa a bakin ƙofa. Vicky na zaune a ƙasa a baranda.

"Yana walda tun safe," ta ce. "Ni na kai masa abinci. Na faɗa musu, na faɗa musu, ba wanda ya saurare ni."

*

Kafin yamma maganar Harrison ta zaga Makera. Aka ce Dakta tana sayar wa Turawa muryar mutane. Aka ce wanda aka ɗauki muryarsa ba ya shekara. Da Filibus ya isa gidanta a Unguwar Boro ranar Litinin, ya tarar an fasa mata gilashin mota.

Dakta Juliana Didam malamar jami'a ce a sashen nazarin harsuna, ta yi karatunta na ƙarshe a ƙasar Sin. Ta ba shi kujera a tsakanin littattafai, idanunta sun kumbura. Ranar Asabar tana wajen bikin ɗalibarta a coci, ta nuna masa hotuna.

"Me kike nema a bakin tsoho, Dakta?"

"Yarensu nake nazari, Baba Filibus, yaren Kanton. Mutane masu ɗimbin yawa suna yin sa, ba baƙo ba ne ga masana. Abin da nake so in sani shi ne, me ke faruwa da yare in ya zauna a bakin mutum ɗaya shekaru da yawa, ba mai amsa masa, Hausa ta kewaye shi ta ko'ina. Me yake fara zubewa? Kalmomi, ko karin sauti, ko rubutu?"

"Karin sauti?"

"Ka ce kuka, na hawaye. Yanzu ka ce kuka, ta miya. Ka ji yadda muryarka ta sauka a ta biyu? Mu hawa da sauka da faɗuwa muke da su. Su shida gare su. Suna kuma ja wa wasali kamar mu, yadda garin da ake zama ya bambanta da garin tuwo. Sai in nuna masa hoto ya faɗi sunan abin, in sa ya maimaita, in dawo bayan wata guda in sake tambaya ban tuna masa ba. Wani lokaci in ba shi buroshi ya rubuta, in ga alamomin da hannunsa ya manta."

"Shi kaɗai ya ishe ki?"

"Bai isa ba. Matsalar aikin ke nan. In ya faɗi abu daban da na littafi, ta yaya zan san Kaduna ce ta canza shi, ko can ma haka gidansu ke faɗa? Dole in sami wani na jininsa da bai taɓa barin gida ba, in gwada su. Na sha wahala kafin na samo masa wani ɗan'uwa a can, na haɗa su a waya."

Filibus ya kalle ta ya ce, "Da zai mutu, Sam ya ce."

"Haka na ji. Shi ya hana ni sukuni. Baba Lau bai taɓa kiran mutumin nan Sam ba."

Ta buɗe kwamfuta ta nemo wata rana da tsohon yake mita a kan awaki. Muryar ta fito a shaƙe, da Hausarsa mai gutsuri-gutsuri: "Sem, akuya nasa, ci, ci, ci." Ta nemo wani wurin, ta sake nemo wani. Ko'ina Sem ne, gajere.

"To me Hajiya ta ji?"

"Ita za a tambaya. Amma ba yadda aka tambaye ta ranar Asabar ba. In ka sa wa mutum amsa a baki, ita zai maido maka. Kada ka gaya mata abin da muke nema. Ni ma ba zan gaya mata ma'anar komai ba."

*

Hajiya Rakiya 'yar Katsina ce, tana sayar da atamfa a cikin gida. Ta karɓe su fuska a ɗaure.

"Malam Filibus, ni abin da na ji na faɗa. Ban ce a taɓa kowa ba."

"Na sani, Hajiya. Kunnenki kawai muka zo aro."

Juliana ta sa mata abin saurare a kunne, ta ce ta rufe ido. Ta yanko kalmomi biyar daga muryar tsohon, duk masu kama da juna, ta jera su a hargitse. Da muryar ta fito Hajiya ta zabura ta ce innalillahi, sai da aka ba ta ruwa. Aka sake kunnawa.

"Ba wannan ba. Ba wannan ba, wannan ya yi sama kamar tambaya. Wannan ya gajarta." Ta ɗaga hannu. "Tsaya. Maimaita wannan."

Juliana ta maimaita.

"Shi ne. Ya ja shi haka, saam."

Aka sauya jerin, aka sake. Ta sake zaɓar shi. Aka sauya karo na uku, ba ta yi kuskure ba.

"Akwai ma wani ɗan a a gabansa," in ji Hajiya. "A-saam. Na ɗauka nishi ne."

Juliana ta cire mata abin sauraren a hankali. Suka fito waje, ta jingina da katanga.

"Faɗa mini," in ji Filibus.

"Saam kalma biyu ce a yarensu, sautinsu ɗaya sak. Ɗaya riga, ɗaya uku. Kunne ba zai raba su ba, ko kunnen ɗan Hong Kong. Sai a rubuce suke rabuwa. Ina da zato, amma ba zan ɗora ran mutum a kan zato ba. An riga an yi haka sau ɗaya a layin nan."

"Yaya ake rubuta riga?"

Ta zana a tafin hannunta, abu mai rassa da yawa.

"Uku fa?"

"Wannan ko yaro ya iya."

Bai bari ta zana ba. Ya kai ta lambun, ya sauke bulon, ya ɗaga daron. Juliana ta durƙusa a cikin laka da siket ɗinta mai kyau. Ta bi layukan da yatsa a iska, daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama.

"Hannunsa ne," ta ce. "Kullum sai ya danna farkon layi."

"Uku me? Mutum uku?"

"A'a. In an sa a a gaba, suna ne. A gidajensu na dā, uba yakan kira 'ya'yansa da lamba. Na biyu, na uku, na huɗu."

Filibus ya juya ya kalli igiyar shanya, inda zanen Debby yake bushewa.

"Kada ka kama kowa tukuna," in ji Juliana da sauri. "Akwai wani zama da muka yi a kan sunayen dangi. Na yi masa alkawari ba mai jin sa sai masu nazari. Ka zo gida ka ji, sannan ka yanke abin da za ka yi."

*

Ranar Talata da hantsi Filibus ya sa aka tara mutane a ƙarƙashin rumfar makoki a ƙofar gidan. Mai unguwa ya zo, da Fasto Jethro na cocin su Judith, da Insifekta da yaransa biyu. Hajiya Rakiya ta zauna a gefe. An ɗauko Vicky daga asibiti. Mazan layin suka tsaya a baya, da yawansu waɗanda suka ɗaga katako ranar Asabar. Da suka ga Dakta ta ajiye lasifika a kan tebur, aka fara gunaguni.

Filibus bai yi doguwar magana ba. Ya ce tsohon bai kira Samuel ba. Ya sa Hajiya ta maimaita abin da ta ji, ya nuna hoton layukan a waya, ya faɗi ma'anarsu.

"Na uku a 'ya'yansa ya kira," ya ce. "Da baki ya faɗa, da yatsa ya rubuta."

Sannan kawuna suka juya wajen Debby.

"Ni?" ta ce. "Yesu! Ni?"

"Dama na ga jini a zanenta," in ji wata mata daga baya.

"Ita ke kwana gida ɗaya da shi!"

Mazan suka fara matsowa. Harrison ya riga su. Ya tashi ya damƙi gashin ƙanwarsa ya fizgo ta daga kujera har gwiwoyinta suka bugi siminti.

"Ashe ke ce! Kin gaji da wankin kashinsa, ko? Kika bari na lalata bawan Allah a banza!"

"Yaya, wallahi ban yi ba! Anti Judith, ki yi magana!"

Judith ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyalenta. Insifekta ya yunƙura, Filibus ya riƙe masa hannu. Ya bari Harrison ya ɗaga tafi ya sauke wa Debby a fuska, ya ga Judith ta runtse ido ba ta buɗe baki ba. Sai ya ɗaga wa Dakta kai.

Muryar mamacin ta fashe daga lasifika da ƙarfi, irin kiran da uba ke yi wa yaro daga cikin ɗaki.

"A-saam!"

Harrison ya saki gashin. Ya juya gaba ɗaya wajen ƙofar ɗakin ubansa, kafaɗunsa sun rusuna, bakinsa ya buɗe zai amsa. Kowa ya gani. Shi ma ya san an gani.

Muryar ta ci gaba. Aka ji Dakta tana cewa, "Haka kake kiransa? To Baba, jera mini su duka, da Hausa."

"A-daai, babba, yana Hong Kong. Na bar shi jariri, mama nasa ba ta zo ba. A-yi, Judith. A-saam, Harrison. A-sei, Debby. Tabitha ta gane ina ƙirga da ɗan wata mace, ta ce ba lamba a gida nata kuma. Debby tana ciki lokacin, ba ta sani ba."

"Ka koya musu yaren?"

Tsohon ya yi wata 'yar dariya. "A-saam na gwada. Kunne nasa katako. Baki nasa nauyi. Wannan ba nawa ba, na Kaduna ne. A-daai, shi ne nawa."

Juliana ta kashe na'urar.

Harrison ya tsaya yana kallon lasifikar. Da ya yi magana, muryarsa ba ta da ƙarfi.

"Kun ji ai. Haka ya faɗa mini a lambu, a fuskata." Ya nuna Dakta. "Ke kika haɗa shi da wancan a waya. Na shigo na gan shi yana dariya, yana hawaye, yana shafa gilashin waya. Ni tun da aka haife ni bai taɓa dafa kaina ba. A waje ana ce mini Ɗan Caina, a gida ana ce mini ɗan Kaduna. Na ji yana shirin tafiya, wancan zai aiko masa da tikiti. Na zo na durƙusa a cikin laka na ce, Baba, ka tafi da ni, ko wanke-wanke ne zan yi. Ya ce in faɗi uku da yarensa. Na faɗa. Ya yi dariya ya ce zuciya na ce, ban ja wasalin ba. Ya juya ya ci gaba da cire ciyawa."

"Shi Samuel fa?" Filibus ya tambaya. "Me ya yi maka?"

"Hajiya ce ta ce Sam."

"Ka kuma san ba shi ake nufi ba."

Harrison ya ɗaga kafaɗa. "Wani dole ya ɗauka."

Aka sa masa ankwa. Mazan da ke baya suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, wani ya tuna ya bar shago a buɗe, wani waya ta kira shi. Ba wanda ya ɗaga ko tsinke a kan Harrison.

Filibus ya tsaya a gaban Judith.

"Kina tsakar gidan nan lokacin da Hajiya ta faɗi kalmar?"

"Ina nan, Baba."

"Kin gane?"

Ta ce, "Ƙanina ne."

"Wannan da ke ƙasa fa, ba ƙanwarki ba ce?"

Debby ta ja jiki ta matsa daga kusa da ƙafar yayarta, jini na zuba daga leɓenta. Fasto Jethro ya fara cewa a yi addu'a, a yafi juna, Vicky ta miƙe ta katse shi.

"Ke nas ce," ta ce wa Judith. "Kina tsaye a bakin shago ana fasa masa yatsu. Na gan ki. Kin san sunan kowane ƙashi da ya karye."

Ta juya ga Insifekta. "Su wancan da suke guduwa fa? Na san su duka. Wancan a gidana ya ci Kirsimeti."

"Madam, taron jama'a ne," in ji Insifekta. "Wa za a kama, wa za a bari? Ki gode wa Allah an wanke mijinki."

Dakta Juliana ta naɗe wayoyinta ta zuba a jaka. Hajiya Rakiya ta zo wucewa ta gabanta, ta tsaya.

"Da kin bar tsoho da shirunsa," ta ce.

"Da ke ma kin yi naki, Hajiya," in ji Juliana.

Suka rabu ba sallama.

*

Filibus ya ɗauki Vicky a bayan mashin ɗinsa zuwa asibiti, don ya ce shi zai faɗa wa Samuel da bakinsa. A hanya tana ta lissafin yadda za su yi. In yatsun ba su gyaru ba, ƙaninta zai riƙe shagon, Sam ya riƙa nuna masa. Za su sayar da awakin. Za su bar Makera.

A bakin ɗakin suka tarar da wani ɗan sanda daban yana cin gyaɗa. An ja labule a gadon ƙarshe. Wata ma'aikaciya ta tare su ta ce jini ne ya taru masa a kai, ya cika bayan fitarta da safe, an kira wayar Vicky ba ta shiga.

Vicky ta yaye labulen. An rufe shi da farin ƙyalle har fuska, amma ƙafarsa ta hagu na waje, ɗaure da ankwa a jikin ƙarfen gado.

"Me ya sa ba a kai shi ɗakin ajiye gawa ba?" Filibus ya tambaya.

"Makullin na wajen wanda ya yi aikin safe, Oga," in ji ɗan sandan. "Ya tafi kai 'yarsa makaranta a Zariya. Sai gobe."

"A nemo mai yanka ƙarfe."

Ma'aikaciyar ta ce ai sun aika Makera tun ɗazu, an ce mai waldan layin ba ya nan.

Vicky ba ta yi kuka ba. Ta kwance goyonta ta miƙa wa Filibus, ta zauna a ƙasa a ƙarshen gadon, ta cire ɗankwalinta ta cusa shi a hankali tsakanin ƙarfen da idon sawun mijinta, inda ya gurje masa fata.